Kafanchan: Tsofaffin Gine-ginen Garin Reluwe da Masu Jiran Filinsu

A shekarar 1927 aka buɗe layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da Kaduna, aka kuma ja masa reshe ya hau tudun Jos. Inda layukan suka rabu, nan ne Kafanchan. A lokacin ƙauyukan Fantswam ne da gonakinsu a shimfiɗe kusa da duwatsun Kagoro, ba birni ba ne mai ganuwa, ba kuma babbar kasuwa ba. Lissafin Turawa na kuɗi ne tsantsa: kwal yana Inugu, kuza tana Jos, tashar jiragen ruwa tana Fatakwal. Kafin wannan layi, kuzar Filato sai ta bi ɗan siririn jirgin nan da ya haɗa Zariya da Jos tun 1914, a sauke ta a Zariya, a sake lodi a babban jirgi zuwa Legas. Sabon layin ya rage wannan wahala, duk da cewa a Makurɗi sai an ɗora taragu a kan jirgin ruwa an haye da su Binuwai, har zuwa 1932 da aka gama gada.

Mahaɗar jirgi ba ta zama ita kaɗai. Tana bukatar loko inda ake duba kawunan jirgi, da tankin ruwa, da wurin jibge kwal, da ofis, da gidajen ma'aikata. Ma'aikata kuma suna bukatar kasuwa da makaranta da wurin ibada. Cikin 'yan shekaru gari ya tashi, ya kuma ja wani tsohon gari ya haɗiye.

Wannan tsohon gari shi ne Jama'a. Wajen 1810 aka kafa masarautar, a hannun Malam Usman, wani malami da ya fito daga ƙasar Kabi, tare da Fulanin da suka taru a yankin duwatsun Daroro, kuma ta zauna a ƙarƙashin Zazzau. Fiye da shekara ɗari ana mulki daga can. Baturen nan A. J. N. Tremearne, wanda ya wallafa littafi kan tatsuniyoyi da al'adun Hausawa a 1913, a Jama'a ya zauna ya tattara da yawa daga cikin abin da ya rubuta. Amma garin ya yi fama da ƙudan tsando da ciwon barci, ga shi kuma ciniki ya bi jirgi. A 1933 Sarki Muhammadu ya tashi daga Jama'a Sarari ya koma Kafanchan da fadarsa. Gidan ƙasa kuwa idan aka daina yi masa yaɓe, damina kaɗan ta ishe shi. Babu katafilar da ta taɓa tsohuwar Jama'a. Barinta aka yi, ruwa da ciyawa suka ƙarasa aikin. Fantswam, su kuma, suna da nasu karatun wannan ƙaura: a wurinsu an kawo sarauta an dasa a kan ƙasarsu, kuma ba su sami tasu masarautar ba sai a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Duk mai son ya yi maganar adana tarihin Kafanchan sai ya san da wannan, domin ginin da wani ke gani a matsayin gadon kakanni, wani yana iya ganinsa a matsayin tabo.

Wanda ya taɓa shiga gidan babban ma'aikacin reluwe na wancan zamani, a Kafanchan ne ko Zariya ko Minna, ya san fasalinsa. An ɗaga daɓe sama da ƙasa, sai an taka matakala uku ko huɗu. Baranda mai faɗi ta tare rana kafin ta taɓa bango. Silin yana can sama, tagogin katako suna kallon juna don iska ta ratsa, rufin kwano ya zarce bango sosai saboda ruwan saman kudancin Kaduna ba na wasa ba ne. Kicin yana baya, a ware, tare da ɗakin kuku da boyi. Da tsakar rana a watan Maris mutum zai zauna a irin wannan falo babu fanka bai jiƙe da gumi ba, abin da yawancin gidajen bulo na yau ba za su iya ba. Can gefe guda kuma ga kwatas ɗin ƙananan ma'aikata: ɗakuna a jere ƙarƙashin rufi ɗaya, famfo ɗaya, bayi na tarayya. Tazarar da ke tsakanin waɗannan gidaje biyu ta fi kowane littafi bayyana yadda mulkin mallaka ya jera mutane. Shi ya sa adana gidan Bature kaɗai, a bar ɗakin mai zuba kwal ya rushe, rabin labari ne.

A cikin waɗannan unguwanni aka haifi wata irin Najeriya. Ibo da Yarbawa da Hausawa da Tibi da mutanen ƙasar, Bajju da Atyap da Ham da Agworok, duk jirgi ya tara su, Hausa ta zama harshen kasuwa da na wasan yara. A Kafanchan aka haifi Onuora Nzekwu a 1928, shekara guda bayan buɗe layin, wanda daga baya shi da Michael Crowder suka rubuta Eze Goes to School, littafin da ɗaliban firamare da yawa suka karanta. A nan kuma aka haifi Biyi Bandele a 1967, ɗan Yarbawa, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Bama. Shi ya rubuta Burma Boy, ya kuma ba da umarnin fim ɗin Half of a Yellow Sun a 2013, ya rasu a 2022. Ta wannan layi ne kuma dubban Ibo suka gudu gabas a 1966. Dandalin tashar Kafanchan ya ga murnar isowa, ya ga kukan rabuwa, kuma har yau hukumar jiragen ƙasa tana lissafa garin a matsayin hedikwatar shiyyarta ta arewa ta tsakiya.

Ban da reluwe, akwai mishan. Turawan SIM sun zauna a Kwoi tun 1910, suka iso Kagoro a shekarun 1920, inda makarantar Baibul ɗinsu ta girma ta zama babbar makarantar tauhidi ta ECWA. Marigayi Gwamna Awan, wanda ya riƙe sarautar Kagoro daga 1945 har 2008, ɗan makarantar mishan ne. Gidajen mishan da ƙananan coci-coci na farko da ɗakunan shan magani su ne shaidar yadda boko ya shigo yankin. A nan fa ba ɗan kasuwa ne babbar barazana ba, masu abin ne da kansu. Jama'a ta yi yawa, an tara kuɗin baiko, sai kwamiti ya yanke shawarar a rushe tsohon coci a gina wanda zai ɗauki mutum dubu biyu. Haka ake yi wa masallatai. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, masana gine-gine na duniya suna sa shi cikin mafi kyawun ginin ƙasa a Afirka, amma a shekarun 1970 an rage shi, an lulluɓe abin da ya saura a cikin sabon ginin siminti. Ba mugunta ba ce ta sa. A idon masu yin, girmama ɗakin Allah ne.

Gidan gargajiya na mutanen yankin ya ma fi saurin ɓacewa. Ham da maƙwabtansu suna da irin ɗakinsu mai siffar ƙwai, jinkarsa ta yi tsini ta baya, rumbun hatsi a cikin ɗakin kansa, ta yadda wuta ko ɓarawo ko mahari ba zai kai ga abinci cikin sauƙi ba. Kwano da bulo sun kore shi, kuma ba wanda zai ga laifin magidancin da ya gaji da sauya jinka.

Amma babbar asarar kudancin Kaduna daga ƙarƙashin ƙasa aka yi ta, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ta nuna abin da ke faruwa idan kuɗi ya riga doka isa wuri. A 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, a ƙasar Ham, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu, aka kai shi Jos aka ajiye. A 1943 aka sake tono wani kai, na mutum, a wata mahaƙa kusa da Jama'a. Wani ma'aikaci ya ɗauke shi ya kai gonarsa ta doya, ya kafa a kan sanda don korar ɓarna, ya yi kusan shekara yana shan rana da ruwa, kafin manajan mahaƙar ya gan shi ya kai wa Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulki da ya karanci ilimin tono kayan tarihi a Kambirij. Fagg ya haɗa wannan da na 1928, ya gane salo ɗaya ne, ya raɗa wa al'adar sunan Nok. Shi ne ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Binciken baya-bayan nan ya kai farkon wannan al'ada zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Da kasuwar Turai ta gane darajar waɗannan mutum-mutumi, sai haƙa ta koma sana'a. A shekarun 1990 ƙauyuka suka cika da ramuka, dillalai suna biyan matasa kuɗin da bai kai na buhun citta ba, kayan suna ficewa ta Kwatano da Lome zuwa Brussels da Faris. A shekarar 2000 aka baje wasu a gidan tarihi na Louvre, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga hannun wani dillali a zamanin Shugaba Jacques Chirac, alhali dokar Najeriya ta hana fitar da su. Surutu ya yi yawa, har a 2002 aka daidaita: Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta ba ta aronsu na shekara 25. Masanan jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, da suka fara aiki a yankin a 2005, sun tarar mafi yawan wuraren da aka nuna musu an riga an birkice su. A Fabrairun 2017 kuma aka sace Breunig da abokin aikinsa a ƙaramar hukumar Kagarko, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu, kafin a sako Jamusawan. Wanda ya tono kan Nok ya sayar bai sayar da yumɓu kawai ba; ya lalata shimfiɗar ƙasar da za ta faɗi shekarunsa da yadda masu shi suka rayu, kuma wannan ba ya dawowa ko da an dawo da kan.

Sai wuta. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a Maris 1987 ya bazu har Zariya da Funtuwa da Katsina. Na Zangon Kataf a 1992, wanda ya samo asali daga batun sauya wa kasuwa matsuguni, ya ci tsohon zangon fatake. An sake yi a Kafanchan a 1999 wajen bikin ba sabon Sarkin Jama'a sanda, sannan a Afrilun 2011 bayan zaɓe, lokacin da babbar kasuwar garin ta ƙone. Rayukan da aka rasa sun fi ƙarfin a haɗa su da maganar gini. Abin lura kawai shi ne kowane rikici ya bar kangaye, ya kuma raba unguwanni, har wani ya daina bi ta gaban ginin da kakansa ya yi aiki a ciki.

Ana cikin haka jirgin kansa ya yi sanyi. Kwal ya ba dizal wuri, tirela ta ƙwace kaya, hukumar jiragen ƙasa da aka kafa a 1955 ta shiga bashin albashi da na fansho. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ta Jere da Rijana ya bi, bai leƙo Kafanchan ba. Ɓarayin ƙarfe suka faɗa wa tsohon layin, suna kwance dogo suna yankawa suna lodawa a tirela. A 2021 'yan sanda sun kama mutane da dama kan wannan a jihar Nasarawa, a kan layin da ya nufo Kafanchan daga Lafiya. Abin da ya rage mai tsada shi ne fili. Reluwe tana da filaye a tsakiyar kusan kowane garin da jirgi ya ratsa, tana kuma da kamfanin kula da kadarori, mai hedikwata a Kaduna, wanda aikinsa shi ne ya ba da haya ya kawo kuɗin shiga. Ga kuma tsohuwar taƙaddama tun tsarin sayar da gidajen gwamnati na zamanin Obasanjo a 2003, inda ma'aikata da 'yan fansho ke neman a sayar musu da kwatas ɗin da suke ciki. Gidan da ba a san makomarsa ba, mai zama ba zai sauya masa kwano ba, mai shi ma ba zai sauya ba.

A daidai nan mai neman fili yake shigowa, kuma ungulu ba ta jewar banza. Ba ya zuwa wurin ginin da ake shara da fenti. Yana jira sai rufi ya rufta, 'yan bola jari sun cire tagogi, maƙwabta sun fara cewa wurin ya zama maɓoyar ɓata-gari. Daga nan hujjarsa ta yi ƙarfi: ai kango ne, gara a yi shaguna, matasa su sami aiki. Kuma ba ƙarya yake yi ba gaba ɗaya. Kafanchan na bukatar shaguna da gidajen haya da asibiti, mai sayar da citta kuwa ba zai ajiye kayansa a cikin tarihi ba.

Me doka ta tanada? Tun 1953 akwai dokar kayan tarihi, wadda aikin Fagg da wani Bature mai suna Kenneth Murray ya haifar. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta maye gurbinta, ta kafa hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa. Hukumar ce ke ba da shawarar a ayyana gini a matsayin abin tarihi na ƙasa, kuma shekaru da dama jerin ya tsaya a kan 65 a duk faɗin Najeriya. Waɗanda aka fi sani a jihar Kaduna su ne gadar ƙarfe ta Lugga da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a lambun Gamji, da ganuwar Zariya, da dutsen Kufena, da tsohon masallacin Maigana. Ginin da bai shiga jeri ba, matsayinsa ɗaya da kowane gini: in mai shi ya sami izinin hukumar tsara birane, sai rusau.

Shiga jerin ma ba laya ba ce. A dandalin Tinubu a Legas akwai wani bene da ake kira Ilojo Bar, wanda iyalin Fernandez suka gina wajen 1855. An ayyana shi abin tarihi na ƙasa tun 1956. Ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Sallah, ofisoshi a rufe, ga hutu a gaba, aka kawo katafila. Kafin jami'an hukuma su ankara, bene mai shekara fiye da 160 ya zama tarin ƙasa. An yi Allah wadai a jaridu, an yi barazanar kotu, amma ba a kai ƙarar katafila ta mayar da bango. Zaɓen ranar ma darasi ne: mai rusau ya san kalandar gwamnati fiye da mai gadi.

Wani lokaci gwamnati ce da kanta. A 2010 an rushe Ƙofar Na'isa a Kano don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta. A Janairun 2020 gwamnatin Kaduna ta rushe otal ɗin Durbar, wanda aka gina don baƙin hawan dabar FESTAC ta 1977, ana tsakiyar shari'a kan mallakarsa; dalilin da aka bayar shi ne ya zama matattarar miyagu. Shirin sabunta birane da Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya ƙaddamar a 2019 ya haɗa da Kaduna da Zariya da Kafanchan, a 2021 kuma aka kafa wa Kafanchan hukumar birni tata. An faɗaɗa tituna, an yi magudanai, mutanen gari sun ga amfanin hakan. Sai dai titi mai kyau yana ɗaga farashin duk filin da ke bakinsa, tsofaffin gine-gine kuwa a bakin manyan tituna suke. Yanzu abin ya rabu gida uku: reluwe ke da fili, hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, ke ba da izinin gini, hukumar tarihi ke da jeri, kuma kowa da ofishinsa.

Abin dariya, ginin da ya fi kowanne shan hoto a wannan yanki a matsayin "tsohon gini" shi ne fadar dutse ta Kajuru, wadda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980 a kan fasalin gidajen sarakunan Turai na da. Mutane suna biyan kuɗi su je su ga kwaikwayon tarihin wasu, suna wuce nasu a hanya.

Akwai inda aka gwada wata hanya ta kuma yi aiki, a cikin gidan reluwe ɗin kansa. A Ebute Metta, cikin harabar hedikwatar jiragen ƙasa a Legas, akwai wani bene na katako da bulo da aka gina a 1898. Ƙungiyar sa-kai mai suna Legacy 1995 ta nemi izinin hukumar, ta gyara shi, aka buɗe shi a 2010 a matsayin ƙaramin gidan tarihi mai ɗauke da sunan Francis Jaekel, tsohon jami'in da ya rubuta tarihin jirgin ƙasan Najeriya. Ba a sayar ba, ba a rushe ba, mallakar reluwe ce har yau. 'Yan makaranta suna zuwa, masu biki suna ɗaukar hoto a lambunsa, Kunle Afolayan ya ɗauki wani ɓangare na fim ɗinsa October 1 a wurin. Abin da ya cece shi shi ne an samar masa aikin yi. Gidan babban jami'i a Kafanchan zai iya zama ɗakin karatu ko masaukin baƙin da ke zuwa bikin Afan na Kagoro kowace 1 ga Janairu ko ganin ruwan Matsirga. Tsohon sito zai iya zama wurin taro da Musulmi da Kirista za su shiga ba tare da ɗayansu ya ji shi baƙo ba, tun da reluwe ba ta taɓa zama ta addini ɗaya ko ƙabila ɗaya ba.

Kafin a kai can akwai aiki mai arha da ba ya bukatar sa hannun shugaban ƙasa: ƙidaya da awo. A san gine-gine nawa suka rage, wane ne na wace shekara, wa ke riƙe da takardarsa. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan yana da tsangayar nazarin muhalli, inda ake koyar da zanen gine-gine, kuma tsofaffin direbobi da masu ba da hannu da suka san wane ɗaki ne na wane aiki suna nan a gari suna jiran fansho. Irin wannan aiki ne Zbigniew Dmochowski, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, ya yi daga ƙarshen shekarun 1950, yana yawo da tef da takarda tare da matasan Najeriya da ya horar, suna auna fada da masallaci da gidan manomi. An buga aikin cikin littattafai uku a 1990, bayan rasuwarsa. Da awon da suka ɗauka a Zariya aka gina kwafin masallacin Babban Gwani a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, kuma can ɗaliban zanen gini suke zuwa yau su ga yadda bakan-gizonsa suke kafin a taɓa shi.